Kalmar Biyayya da Takarkarin Zainabu

Kwanakin baya wasu samarin malamai ƴan kwantiragi suka zo gaishe ni a gidana na Belbeji. Muna zaune a inuwar bedi ana dafa shayi, sai ɗaya daga cikinsu, wani mai tsukakken wando, ya ɗaga salularsa ya ce koyar da Ingilishi a kwaleji yanzu ya zama shan ruwa. Wai ka danna kalma, na'ura ta ba ka ma'anarta da Faransanci, har ta furta maka ita da muryar Baturiya, kai ka kwafe a allo, yara su kwafe a kaye, littafinsu na rubutu, shi ke nan an tashi. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ban ja da shi ba, don baƙona ne, kuma ban so shayi ya huce a kan gardama ba. Amma tun da suka tafi maganar take yi mini kai-kawo a rai. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin kalma guda tak, ƙannena, ku auna da kanku in aikin nan shan ruwa ne.

Lokacin da na fara, kayan aikina ba su cika jakar hannu ba. Alli dirakten makaranta ke rabawa da safe kamar mai rabon magani, in ka yi sakaci naka ya ƙare, sai ka bi ajin wani kana roƙo. Allon kuwa siminti ne aka shafa a bango. In ya koɗe sai mu fasa tsofaffin batura, mu kwashe baƙin garin da ke ciki mu kwaɓa da ƙaro mu shafe, ya kwana ya bushe. Ina da ƙamus guda na Ingilishi da Faransanci wanda gara ta cinye masa bango da shafukan baya, saboda haka duk kalmar da ta fara da haruffan ƙarshe sai dai in yi ta maza. Sai ƴar rediyo da nake kamo tashoshin Ingilishi da ita da sassafe, in ji yadda masu harshen ke lanƙwasa baki, in riƙa maimaitawa ina shirin fita. Matata ta daɗe tana zaton wani wuridi na karɓo.

Wata shekarar ma ajin zana aka ba ni, don ɗakunan gini ba su isa ba. Irin wannan aji sai an gama girbi an samu kara ake kafa shi, kuma daga ranar da aka kafa awakin unguwa ke fara cinsa daga ƙasa. Kana koyar da gaisuwar Ingilishi, malamin lissafi na maƙwabtaka yana rantsuwa a kan alwatika, duk yaranka suna ji. Dole ka koyi yadda za ka riƙe hankalin yara da muryarka da fuskarka, in ba haka ba akuya ta fi ka samun masu kallo.

Wanda ya koya mini aikin ba a makarantar horon malamai na same shi ba. A Tanut na same shi, shekarata ta farko, wani dattijo mutumin Gana da muke kira Mista Mensa. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba, Faransancinsa kuma in ya yi sai yara sun sunkuyar da kai suna danne dariya. Da yake ba shi da harshen da zai yi fassara da shi, dole ya koyar da jikinsa. In kalmar tsalle ce sai ya yi tsalle, da tumbinsa da komai. In ta barci ce ya kwanta bisa tebur ya ja minshari. Ni da na fito da takardar shaida sabuwa ful, na ɗauka wannan zubar da girma ne, har sai da na lura yaransa suna magana, nawa kuwa kwafa kawai suke. Daga nan na riƙa zama a bayan ajinsa duk sa'ar da ba ni da darasi. Abu biyu ya nanata mini har suka zauna. Kada in fassara kalma sai na rasa yadda zan nuna ta. Kuma kada in yarda yaro ya iya kalma sai ya kai ta gidansu ya dawo mini da ita cikin jimlar da ta shafi rayuwarsa.

Masu kawo mana yara iri-iri ne. Manoman gero da gyaɗa na wajen Olelewa da Falanko sukan kira ni Mushe, yadda ake kiran kowane malamin boko a nan, su tambaye ni, "Mushe, Faransancin bai isa ba, sai an ƙara musu wani?" Amma su ɗin dai ne ranar kasuwa za su tare ni da kwalin magani ko buhun taki da ya fito daga Najeriya, in karanta musu abin da aka rubuta a jiki. Ladan karatu ƙwan zabi ne ko ƙwaryar nono. Makiyayan arewa su ba su cika tambaya ba. In mutum ya yanke shawarar ba ka ɗansa, zai kawo shi har ƙofar aji, ya dube ka sama da ƙasa kamar yana duba san da zai saya, ya juya ya tafi, ba za ka ƙara ganinsa ba sai hutu.

Kalmar da nake nufi ita ce "obey". Ma'anarta yin biyayya, ko bin umarni, ko jin magana, mu a Hausa hanyoyin faɗinta da yawa. A aji na biyu na kwaleji nake koyar da ita, bayan an maido ni Belbeji, kuma yadda na gani wajen Mista Mensa haka nake yi. Kafin a shiga aji sai in ja wani yaro mai ƙiriniya gefe in ce masa yau duk abin da na ce kada ya yi. Irin wannan aiki ba a rasa mai so. Sai in shiga in ce "stand up", kowa ya miƙe ban da gogan. In ce "sit down", kowa ya zauna, shi kuma ya miƙe yana washe baki. In nuna aji in ce "they obey", in nuna shi in girgiza kai in ce "he does not obey". Kafin a jima ko sarkin barcin aji ya gane. Daga nan in nuna musu ana faɗinta a kan doka da umarnin likita, kuma ba ɗaya take da girmamawa ba, don kana iya durƙusa wa kakarka har ƙasa ka fita ka yi abin da ta hana. Abin da ya rage sai yaƙi da Faransanci, don a can kalmar tana jan wani ɗan harafi a bayanta, yara kuma sai sun jawo shi cikin Ingilishi sun ce "obey to". Wannan kam har na yi ritaya ban gama kashe shi ba. A ƙarshe in ce kowa ya je gida ya zo mini da jimlarsa.

Jimlolin da ke dawowa kusan duk shekara iri ɗaya ne. Yaro yana biyayya ga ubansa, soja yana biyayya ga kaftin, ɗalibi yana biyayya ga Mushe, wannan ta masu neman maki da daɗin baki ce. Kullum ƙarami ne ke duban babba. A shekarar da nake ba ku labari, sai layi ya zo kan wata yarinya da ke zama a bencin gaba saboda ƙanƙantarta. Zainabu sunanta, ƴar wani makiyayi Malam Buba daga kwarin Tarka. Ba ta cika magana ba, in ta yi ma sai ka miƙa kunne. Ta tashi ta ce, "My bull obeys me." Wato wai sa gare ta da ke jin maganarta.

Aji ya kece da dariya. Wani ƙato daga baya ya ce, "Mushe, ƙarya take! Wannan ai ko akuya ta ture ta. Kuma dabba ba biyayya take ba, tsoron sanda take."

Zainabu ta juya ta dube shi. "Ban taɓa bugun shi ba," ta ce. "Ko sau guda."

Na ce ta ba mu labari, da Hausa ma na yafe. Ashe uwar maraƙin ta mutu yana ɗan kwanaki, ubanta ya fid da rai da shi, ita kuwa ta ce a bar mata. Da ɗan gora ta riƙa ɗura masa madara, tana tsoma yatsa yana tsotsa, in sanyi ya yi ta jawo shi cikin bukka su kwana. Ya girma ya zama takarkari ja mai manyan ƙahoni. Tana kiransa da wani suna na Fulatanci da harshena bai taɓa iya riƙewa ba, mu dai a aji muka sa masa Jatau. A lokutan hutu ita ta koya masa jan ruwa a rijiya, ba sanda ba tsawa, da murya kawai. Na buɗe ƙamus a gabansu don mai gardama ya gani da idonsa, kalmar ta halatta ga mutum da dabba duka. Na ba ta maki cikakke, na rubuta jimlarta a saman allo na hana a goge har ƙarshen mako. Daga ranar yara suka koma kiranta uwar Jatau, ita ma ba ta ƙi sunan ba.

Tana ajin ƙarshe, mai rubuta jarrabawar BEPC, muka shiga mummunar shekara. Damina ta fara da kyau, gero ya fara fid da kai, sai ruwa ya ɗauke kamar an rufe famfo. Kara ya bushe a tsaye. A arewa ciyawa ba ta kai a kira ta ciyawa ba, tafkuna suka ƙafe tun ba a gama kaka ba. Duk wanda ya koyar a Damargu ya san yadda yunwa ke shiga aji, ba ta sallama, sai dai ka kira suna ka ji shiru. Yaran ƙauye da ke zaune gidajen masu masauki su suka fara tafiya, don mai gidan da bai ƙosar da ƴaƴansa ba ba zai riƙe ɗan wani ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Waɗanda suka rage suna hamma tun hantsi. Na daina sa su tsalle-tsallen Mista Mensa, babu ƙarfin yi. Zainabu tana wajen wata gwaggonta mai sayar da fura, ta daure, kuma a Ingilishi da lissafi babu mai shan gabanta. Dukanmu malamai mun sa rai da ita.

Zafi ya shigo, jarrabawa ta matso. Wata ranar Alhamis bayan an tashi ina kakkaɓe alli daga riga, sai ga ta tsaye a bakin ƙofa, ta riƙo littafin karatu na lakwal, wato makaranta, da hannu biyu.

"Mushe, ga littahinku."

"Wa ya ce ki maido? Shekara ba ta ƙare ba."

"Baffa ya aiko in koma."

Da na matsa mata ta yi mini bayani. Yayyenta maza sun kora shanu masu ƙarfi sun yi kudu neman ciyawa. An bar uban da uwar a bakin rijiya da shanun da ba za su iya tafiya ba, masu shayarwa da ramammu. Raƙumin da ke ja musu ruwa ya kwanta bai tashi ba. Saura Jatau, Jatau kuwa ya ƙi kowa.

Na ce, "Zainabu, kin san abin da za ki bari? Duk wahalar nan da kika sha, ga shi kin zo bakin gaɓa."

Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, da Ingilishi mai tsabta, "Children obey their parents." Wato ƴaƴa suna bin maganar iyayensu. Ba kuskure ko ɗaya, ko ɗan harafin nan na Faransanci ba ta jawo ba. Na yi shekaru ina fatan jin yaro ya ɗauko jimla daidai haka a inda ta dace, amma ranar da na ji, zuciyata ce ta karye. Na ce ta riƙe littafin, ranar Asabar tare za mu tafi.

Wanda bai taɓa ganin rijiyar Tarka ba ba zai gane yadda sa ɗaya zai fitar da yarinya daga makaranta ba. Rijiyoyin can zurfi gare su, in ka leƙa ɗan ɗigon haske kawai kake hangowa, hannu ba ya jawo ruwansu. A bakin rijiya an kakkafa gwafanni, kowace da ƴar ƙafar itace da igiya ke gudu a kanta. Ana zura wasaki, wato babban gugan fata, a ɗaura ƙarshen igiyar a jikin dabba, wani ya ja ta ya yi nisa da rijiya har wasakin ya fito. Mai tsaye a baki shi ke ƙwala kira, dabba ta tsaya cak, ya rungumo wasakin ya juye a kwamin shan ruwan dabbobi, sannan a juyo. In dabbar ta zarce, wasaki ya daki gwafa ya yage. In ta ja da baya kafin lokaci, ruwa da guga su koma ƙasa, wani sa'in har da mutumin. Kuma kowane gida da lokacinsa a gwafa. A irin wannan shekara ba mai ɗaga maka ƙafa, don a bayanka wasu shanun ne ke kuka.

Muka isa da hantsi a bayan wani ɗan kabu-kabu. Tun daga nesa Zainabu ta yi wani ɗan kira, sai na ga jan sa ya ɗago kai daga cikin shanu ya taho da sauri, ya zo ya sa goshi a ƙirjinta har ya kusa kayar da ita. Sauran shanun ƙasusuwa ne a tsaye, shi ma ya faɗa, amma da sauran ƙarfinsa. Malam Buba ya tarbe ni da kyau, ya shimfiɗa mini buzu a gindin aduwa, matarsa Inna ta kawo ruwa tana ba da haƙuri babu nono. Da lokacinsu ya yi na ga aikin da idona. Yarinyar tana gaba, ko igiyar hanci ba ta riƙe ba, tana ɗan yi masa magana, shi kuma yana bin ta yana nishi. Uban ya ƙwala kira, ta faɗi kalma guda, sa ya tsaya kamar an dasa shi. Na matsa in leƙa, Malam Buba ya riƙo mini riga ya ce, "Mushe, koma inuwa, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne." Na koma inuwa.

Bayan shanu sun sha na buɗe maganar da ta kawo ni. Ya saurare ni har na gama.

"Mushe, ni ban ƙi lakwal ba," ya ce. "Da ƙahwata na kai ta. Amma shanu ba su san jarrabawa ba. In suka kwana biyu ba su sha ba, sai dai ungulu ta gode mini. Uwarta ta gwada, ni na gwada, maƙwabta sun gwada da sanda, ya kwanta musu ƙasa. Ka hwaɗa mini yadda zan yi, in yi."

Ni malami ne, abin da na sani shi ne maimaitawa. Na ce ai abin da aka koya wa dabba da murya ɗaya ana iya koya mata da wata. Muka shirya darasi kamar a aji. Inna ta yafa tsohon zanen Zainabu, aka zuba mata kanwa a tafin hannu ta ba shi ya lasa, ta koyi kiran da kalmar tsayawa har ta iya su sarai. Suka jera su biyu a gabansa, uwa na magana ƴa na shiru, Jatau ya bi lafiya lau. Aka yi ta haka, ina gindin aduwa ina jin daɗin kaina. Washegari muka ce a gwada na gaske, Zainabu ta ɓuya a bayan bukka. Jatau ya tafi da Inna har tsakiyar hanya, wasaki cike yana rataye a cikin rijiya, sai ya tsaya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya yi wani irin kuka, ya juyo da baya yana neman ta. Igiya ta yi gudu ta ƙone wa Malam Buba tafin hannu, wasaki ya faɗa ƙasa da ƙara. Ya dubi hannunsa, ya dube ni, ba alamar fushi ya ce, "Ba a fafe gora ranar tahiya, Mushe." Da la'asar na hau kabu-kabu na dawo Belbeji ni kaɗai. Littafin dai na ce ta riƙe.

Ban sake aika musu ba. Me zan ce? Mutumin da sauran dukiyarsa ke tangaɗi a bakin rijiya ba ya bukatar wa'azin mai albashi. Na ci gaba da bitar jarrabawa da waɗanda suka rage. In ina kiran suna na zo kan nata sai in tsallake, don kada in ji shirun. Yara ma ba wanda ya zauna a gurbinta a bencin gaba, ko da yake ban hana ba.

Bayan ƴan makonni, ranar kasuwar Belbeji muna tsakiyar darasi, mai gadi ya leƙo ya ce ina da baƙi, kuma ɗayansu ba zai shiga ta ƙofa ba. Na fita na tarar da Malam Buba da sandarsa a kafaɗa, hannunsa ɗaure da tsumma, Zainabu a gefensa da ƙullin kaya a ka, Jatau a bayanta yana kaɗa jela. Muka gaisa. Ya ce ta ja san zuwa inuwa, sannan ya matso kusa da ni.

"Na kawo maka ɗiyarka," ya ce. "San kuma kasuwa za shi. In an saya, in nemi jakai biyu da ɗan dusa. Jaki bai san muryar kowa ba, mai sanda shi ne ubangidan shi. Ruwan da za su ja bai kai nashi ba, amma za mu lallaɓa."

Na ce, "Malam Buba, me ya canja?"

Ya shiga tona ƙasa da sanda.

"Kullum tana gaban san nan tana jan ruwa, littahinka a hannu guda, tana yi mishi Turanci. Shi kuma shina kaɗa kunne kamar ya gane. Ba ta taɓa ce mini Baffa ina son in koma ba. Na jira ta hwaɗa, ba ta hwaɗa ba. Sai na gane in na ce ta zauna, za ta zauna har in mutu, ba zan ji komi daga bakinta ba. Yaro mai musu kana iya ba shi umarni ka yi barcinka. Wannan kuwa..." Ya girgiza kai. "Abin ya yi mini nauyi, Mushe."

Na tambaye shi ko ta san za a sayar. Ya ce tun jiya ya gaya mata, ta ce to.

Na bar wa aji aiki na bi su kasuwar dabbobi. A shekarar dabba ba ta da daraja, kowa sayarwa yake, dillalai suna taya sa kamar suna taya kaza. Amma Jatau ya fi na kusa da shi kyan gani, wani falke mai lodi zuwa Najeriya ya saye shi bayan doguwar jayayya. Ba a daɗe ba aka zo lodi. Akwai wani tudun ƙasa da babbar mota ke jingina bayanta da shi, a koro shanu su hau su shige. Sauran duk suka shige. Jatau ya zo bakin tudun ya kafe ƙafafu. Yaran mota suka ja igiya, suka murɗa masa jela, suka shiga zuba masa sanduna a gadon baya. Ya durƙusa, ya tashi, ya ƙi. Wani ya ce a samo barkono a shaƙa masa.

Zainabu tana tsaye kusa da ni, duk sandar da ta sauka sai na ga kafaɗarta ta motsa. Uban ya juya baya yana kallon wani wuri. Sai ta sauke ƙullin kayanta ƙasa ta nufe su.

"Don Allah ku bari," ta ce. "Ku daina bugun shi. Ku matsa."

Suka dube ta suna shirin dariya, falken ya ce a bar ta. Ta kwance igiyar daga ƙahonsa ta yar. Ta shafa wuraren da sanda ta kwanta, ta yi masa magana a kunne har numfashinsa ya daidaita. Sannan ta hau tudun ita kaɗai, ta kutsa cikin motar tsakanin shanu, ta juyo ta yi ɗan kiran nan nata. Jatau ya ɗaga kai. Ya taka tudun a hankali, ba mai riƙe da shi, ya shiga har inda take ya sa goshi a ƙirjinta. Ta faɗi kalmar tsayawa, ya tsaya. Ta kama ƙarafan gefen mota ta haura ta diro waje, yaran mota suka rufe ƙofa. Bai motsa daga inda ta ce ya tsaya ba. Sai da mota ta tashi ya fara kuka, muna jin sa har ta sha kwana.

Malam Buba ya share fuska da gefen rawani ya ce bari ya je duba jakai kafin masu kyau su ƙare. Ya dafa kan ɗiyarsa ya ce, "Allah shi yi miki albarka," ya tafi da sauri bai waiwayo ba.

Zainabu ta rubuta jarrabawar ta ci, ta wuce gaba a Damagaram, yau ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce, wataƙila ma ta yi wa awakin wasunku allura. Shanun Malam Buba wasu sun kai damina, wasu ba su kai ba. Ni kuma na ci gaba da koyar da "obey" har na ajiye alli, da yaro mai ƙiriniya da komai. Sai dai tun daga shekarar, in yara sun gama karanto jimlolinsu, nakan ƙara tambayarsu wa ke jin tasu maganar a gida, ƙane ne ko ɗan akuya, kuma ina suke kai shi in ya biyo su.

A ranar kasuwar dai na ɗauki ƙullin kayanta muka kamo hanyar lakwal. Ba ta yi kuka ba. Ni kuwa tausayinta ya cika ni. Da muka zo ƙofar aji na ce ta je gidan gwaggonta ta huta, gobe ta fara. Ta ce a'a, an wuce ta da yawa. Ta karɓi ƙullin ta ciro littafin, gefensa duk ya kumbura da ruwan rijiya. Ta sa ƙafa ɗaya a cikin aji sai ta tsaya, ba ta dube ni ba.

"Mushe," ta ce, "da ma Jatau ya ƙi ni."